Guntaye Biyu a Gindin Tagar Marigayi

Ranar da Auta ta fara ganinsa, tsugune yake a bakin tasha yana tsintar guntayen taba da hannu yana jefawa cikin leda. Ita ce mai sharar tashar shekara uku ke nan, don haka ta dogara tsintsiyarta ta tsaya a kansa.

"Malam, aikin nawa za ka ƙwace?"

Ya ɗago yana murmushi. "Rage miki zan yi, ranki ya daɗe."

Ya zaro wani ɗan gwangwani daga aljihu, bai fi gidan ashana ba, da murfinsa mai ƙarar ƙas. Maƙerin gwangwani ne. Ya ce mai shan taba zai kashe ta a ciki, ya rufe, ya mayar aljihu, sai ya kai kwandon shara ya juye.

"Kai ma kana sha ke nan?"

"Ko warinta ba na so. Guntayen nan su suka toshe kwatar ƙofar shagona, ruwan sama ya shigo mini har gwiwa."

Tun daga ranar ta sa masa Mai Murfi, sunan ya bi shi. Cikin wata biyu direbobi da 'yan dako sun saba da gwangwanin, sharar Auta ta ragu, hirarsu kuma ta ƙaru. Ita fa Auta ba ta buƙatar ganin fuskar mutum, guntun tabarsa ya ishe ta. Ta san mai tauna gindin, ta san mai zuƙa har ta ƙona masa yatsa. Wata rana ta ɗauki guntu ta nuna masa yadda mahaifinta yake yi, ya lanƙwasa shi biyu ya danne da babban yatsa, sannan ya wurga ta taga.

"Tarin taba ne ya kashe shi bara," ta ce, tana share hawaye.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Sarauniyar tasha, da hawaye yana shiga gwangwani, da na ƙera miki wanda ba ya buɗuwa. Ki ba ni izini in zo gida."

Ya zo, amma Inna, mahaifiyarta, ko tabarma ba ta shimfiɗa masa ba. Wani direban bas da Auta ta sha kora ya riga shi zuwa da tsegumi.

"An ce da 'yan taba kake cin abinci," in ji Inna. "Abin da ya kashe mini miji shi kake yi wa gida har da murfi? Tashi ka ba ni wuri."

Kwana uku bayan nan abin ya fara.

Ɗakin Marigayi, mahaifin Auta, a kulle yake tun ranar da aka fita da shi, tagarsa tana kallon lungu. Auta ta dawo daga aiki da la'asar, sai ga guntaye biyu a gindin tagar. Ta sunkuya. Kowanne a lanƙwashe biyu, an danne shi da yatsa. Ta kira Inna, Inna ta leƙo daga nesa, ko kusa ba ta matso ba.

"Kin dai gani. Babanki bai yarda da yaron nan ba. Share ki yi shiru."

Ta share. Washegari biyu. Rana ta uku ma biyu. Kai, tsoro bai yi ba! Auta da ke fatattakar ƙarti da tsintsiya ta koma ba ta iya wuce ƙofar ɗakin sai da gudu. Wani lokaci ta ji kamar an ja kujera a ciki, wani lokaci warin taba ya bi ta har kicin.

Da ta rasa wanda za ta zarga, sai ta tuna mutum ɗaya tak ta taɓa nuna wa lanƙwasar nan. Ta rubuta masa: "Kai kaɗai ka san yadda Baba yake yi. In haushin korar da Inna ta yi maka ne ya sa kake tsorata mu, Allah ya isa. Kada ka ƙara kirana."

Amsarsa gajera ce: "Hasken idona, ni da nake tsince su, ni zan zubar a ƙofarku? Ina nan inda kika bar ni."

Mako biyu ba ta kula shi ba. Yana zuwa tasha ya tsaya nesa, ita kuma tana shara tana kuka, don wallahi tana sonsa.

Wata Talata ciwon kai ya koro ta gida da tsakar rana. Gidan shiru, ko kaza ba ta motsi. Kwaɗon ɗakin Marigayi yana rataye a buɗe, wani siririn hayaƙi yana fitowa ta ƙasan ƙofa. Ta yi bismillah, ta tura.

Mutum ne zaune a kujerar Baba, ya juya baya, sanye da tsohuwar rigarsa. Auta ta ja da baya. Sai aka juyo.

Inna ce. Taba tana ci a bakin taga ita kaɗai, ba a hannunta ba.

"Ba sha nake ba," in ji Inna, kanta a ƙasa. "Warin nake so in ji, ɗakin ya yi kamar yana nan. Tun da yaron nan ya zo na san tafiya za ki yi. Na binne ɗaya, ke ma ki tafi, in zauna da wa? Da bango?"

Auta ta durƙusa ta rungume ƙafafunta, suka yi kuka mai isarsu.

"Amma Inna, har biyu kullum? Hayaƙin zai kama miki ƙirji."

Inna ta daina share hawaye. "Biyu kamar yaya? Ɗaya nake kunnawa, in lanƙwasa yadda yake yi, in wurga ta taga."

"Biyu nake sharewa, Inna."

Inna ta tuɓe rigar da sauri, ta jefa sauran kwalin a murhu, suka kulle ɗakin, ta ba Auta mukullin da hannunta.

Auta ta kira Mai Murfi tana ba shi haƙuri. Bai bari ta ƙarasa ba. Da safe ya zo da sabon gwangwani, ya ajiye shi a buɗe a bakin tagar daga waje.

"Ko wane ne, ba na faɗa da shi," ya ce. "Ya dai daina sa ki sunkuyo."

Inna ta ce ko da sanda ba za ta taɓa shi ba. Ranar Auta ba ta je aiki ba, suka wuni tare a tsakar gida, mukulli yana ɗaure a bakin zaninta. Da la'asar suka zagaya lungu riƙe da hannun juna.

Ƙasa fes. Gwangwanin kuma a rufe.

Inna ce ta miƙa hannu, duk da rantsuwarta. Murfin ya yi ƙas. Guntu ɗaya ne a ciki, a lanƙwashe biyu, gwangwanin da ɗuminsa. Ko iska ce ta rufe, ko wani mai wucewa ne, Allah shi ya bar wa kansa sani. Inna dai ta daɗe tana kallo, sai ta yi wata dariya mai haɗe da kuka.

"Shekara talatin ina roƙon mutumin nan ya daina wurga mini ta taga, bai taɓa ji ba. Yau ga shi ya ji maganar yaron. To ni wace ce? Kira shi, ki ce ya turo manyansa."

Daga ranar ba a ƙara ganin ko guntu ɗaya ba.

Bayan wata guda aka ɗaura auren. Da aka zo tafiya da amarya, Inna ta dafa kansu tana sa albarka: Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su zuriya mai jinƙai, ya raba su da abin da zai raba su. Ta saki hannun Auta da ƙyar, ta juya za ta koma cikin gidan ita kaɗai.

Mai Murfi ya tare ƙofa, ya durƙusa.

"Inna, ina kuma za ki? Ɗaki biyu na kama, har an kai katifarki. Mota ke take jira."