Tabarmar Awon Gida

Hure ta dafe ƙirji a bayan zana, tana jin muryar mahaifinta a zaure...

"Wanda ya fi iya sayen gida, shi zai fi iya riƙon mace."

Malam Mati ke nan. Tun da ya ja wa malaman taki igiyar awon gonaki a zamanin Turawa, ko tuwo sai ya auna. Ga Nababa mai sayen gyaɗa ya sayi ƙaton gida a Minjibir, fam goma sha biyu. Ga Sammani, wanda Hure ke gani ko ta rufe ido, ya sayi ɗan ƙarami, fam takwas, mai tsamiya a tsakar gida. Tuni Nababa ya bi gari yana cewa gidan Sammani akurki ne.

Malam ya ce zai shimfiɗa tabarma ɗaki ɗaki, ya raba kuɗin kowane gida a kan yawan shimfiɗa. Wanda tasa ta fi araha, shi ne suruki.

Da yamma a bakin rijiya Sammani ya sunkuyar da kai.

"Hurena, na faɗi tun ba a auna ba..."

"Sanyin idona, wa ke saƙa tabarma a gidanmu?"

Kwana uku yarinyar nan tana kan kaba, tana murmushi ita kaɗai, a ranta har ta share gindin tsamiyar, ta ɗora tukunya.

Ranar Laraba aka auna gidan Nababa: shimfiɗa ashirin da huɗu, kowace sule goma. Ranar Alhamis Hure ta miƙa wa Malam tabarma a naɗe. Gidan Sammani ya ci ashirin cif, kowace sule takwas!

Da azahar ta yi, Malam ya kwanta ya huta a kan tabarmar, sai ga ƙafafunsa a ƙasa har ƙwauri.

"Hure, ni na ƙara tsawo tun jiya?"

Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, ƙaramin ya ishe ni."

Ya daɗe yana shafa saƙar, sannan ya yi dariya.

"Gidan da aka yi wa kwana uku ana saƙa, ba shi da tsada."

Bayan kaka aka kai amarya. Gajeriyar tabarmar tana gindin tsamiya, kuma in sun matsu, tana ɗaukar mutum biyu.