Turmin Inna a Allon Majigi

"Lukman, don Allah ka cire hoton nan."

Ya ɗago daga kan kwamfutarsa yana dariya, shi a zatonsa wasa nake.

"Wanne daga ciki? Na jirgin ƙasan nan mai gudun tsiya, ko na gadar da ta ratsa teku?"

"Na matar nan mai daka."

"Haba Sa'a! Ai a kansa na gina jawabin gaba ɗaya. In na cire shi me ya rage?"

A ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar ɗakin taro na Gummi muke, bayan la'asar, ana gobe taron. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Anka, Gummi da Bukkuyum da ke karatu a jami'a ce ta shirya shi a wannan hutu. Lukman ne shugaba, ni Sa'adatu sakatariya. Wata uku muna fama, har aka buga ƙyalle mai taken "Ƙasar Sin a Duniyar Yau: Ina Rabonmu?"

Shi Lukman ɗan Zugu ne. Sau biyu 'yan bindiga suna tashin garinsu, ƙannensa biyu kuma suna can cikin ramukan zinare. In ya fara zancen Sin, to ka nemi wurin zama. Yadda suka fitar da mutanensu daga talauci, yadda suke haƙar ma'adinai da injina... har gurbin karatu ya samu a can, wata biyu ya rage ya tafi. An tsayar da magana cewa bayan taro da mako ɗaya magabatansa za su zo gidanmu.

"Sa'ar raina, faɗa min dalili ɗaya tak, yanzu in goge shi."

"Ba ya da kyau ne kawai."

"Ba ya da kyau? Ke da ko fuskar matar ba a gani! A intanet na samo shi, wani ɗan jarida ya ɗauka a Bagega lokacin gubar dalma. Wa ya san ta?"



Wallahi da na faɗa masa gaskiya a lokacin, da ba ni nake ba ku labarin nan ba. Amma shekara biyu muna tare, Lukman ya san ni a 'yar Gummi. Bai san a Bagega aka haife ni ba, bai san ina 'yar shekara tara muka baro can ba. Matar da ta juya baya a hoton, da goyo, tana daka dutse a turmin da aka ɗaure tsagarsa da robar keke, Innata ce, Hure. Yaron da ke bayanta ƙanena ne, Abdussalam. Mako biyar bayan hoton nan aka binne shi.

"Shi ke nan, bar shi," na ce.

"Kin yi fushi?"

"Na ce ka bar shi!"

Abin da ya kwantar min da hankali guda ne: na san Inna ba za ta zo ba. Ni ce 'yar farinta, tun da na taso ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Daga "ke" sai "yarinyar ga". Da na ce mata ni zan yi jawabin maraba, tsaki ta yi.

"Ni in tai kallonki gaban mutane? Allah shi kiyashe ni! A ce Hure ba ta da kunya, ta zaka kallon ɗiyar hwari? Ki tai abinki, Allah shi ba da sa'a."

Na yarda da ita, don wautata.

Washegari ɗaki ya cika maƙil, har a taga mutane suke leƙe. Na yi jawabina. Dakta Ubaidullah, malaminmu da ya yi shekara shida a Sin, ya tashi ya ɗaga wayarsa sama.

"Wannan daga ina ta fito? Babur ɗin da ya kawo ka daga Bukkuyum fa? Solar da ke kan rufin masallacinku fa? Shekara hamsin da suka wuce mutanen nan shinkafar ci ma ba ta ishe su ba. Yau duniya ba ta yanke magana sai an ji ta bakinsu."

Wani ɗalibi ɗan Anka ya miƙe a fusace.

"Malam, mu dai abin da muke tsoro, su kwashe zinaren su bar mana ramuka!"

Aka ɗauki sowa. Dakta ya yi murmushi ya ce ai don haka aka kira taron, don a san yadda za a zauna da mai ƙarfi ba tare da ya taka ka ba.

Sai aka kira Lukman.

Ranar ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Farar shadda, hula zanna, murya kuwa sai ka ce ta gidan rediyo. Ya nuna jiragen, ya nuna masana'antu, ya nuna injinan wanke ma'adinai da ƙura ba ta fita daga cikinsu. Daga nan ya danna, hoton ya fito a allon majigi, ya fi ƙofar ɗaki girma.

Na sunkuyar da kai.

"Jama'a, ku dubi baiwar Allahn nan," in ji shi. "Turmin da take dakan geron fura, a ciki take dakan dutsen zinare. Ku dubi yaron da ke bayanta, ƙurar nan yake shaƙa. Yaran da aka binne a Bagega ba bindiga ta kashe su ba. Ba baƙo ya kashe su ba. Jahilci ne! Uwa da hannunta ta ba ɗanta guba, ba ta sani ba!"

Aka kece da tafi.

Cikin tafin nan ne na ji muryar, daga can baya, wajen ƙofar mata.

"Abdussalam..."

Na juya baya da sauri.

"Abdussalam! Wanga turmina ne! Wanga ɗana ne!"

Inna ce. Ashe ta biyo bayana a ɓoye, ta lulluɓe fuska da mayafi ta zauna a kujerar ƙarshe, don ta ga 'yarta tana magana ba tare da kowa ya ce ta zo ba. Shekara goma sha huɗu ba ta ambaci sunan yaron nan ba, sai ranar, a gaban mutum ɗari uku.

Ban san yadda na ratsa kujerun ba. Na same ta a durƙushe, idonta ƙur a kan allo.  Na waiga na ga Lukman tsaye da makirufo a hannu, yana kallona yana kallon hoton, bakinsa a buɗe.

"Ku kashe abin nan!" na daka tsawa. "Ku kashe shi mana!"

Akwai abin da ya kamata ku sani. Lokacin da Abdussalam ya fara sanƙarewa aka kai shi wajen likitoci, Babanmu, marigayi Magaji, shi kaɗai ya shiga ya ji bayani. Da ya fito sai ya ce wa Inna ruwan rijiyar unguwa ne ya gurɓace, babu hannun kowa a ciki. Ya kwashe mu muka dawo Gummi tun kafin a fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar gidajen Bagega. Ya gargaɗi dangi kaf kada su faɗa mata gaskiya, har ya koma ga Allah ba wanda ya saɓa. Inna ta ji ana zancen dalma a rediyo, amma ita a wajenta nata ɗan rijiya ce ta ci shi. Da wannan ƙaryar ta rayu.

Kwana uku ba ta sa komai a baki ba sai ruwa. Rana ta huɗu da hantsi ina dama mata kunu, ta ce:

"Ke."

"Na'am, Inna."

"Gaskiya yaron ga ya hwaɗi?"

"Inna, ƙaddara ce. Kwanansa ne ya ƙare..."

"Ba wa'azi na tambaye ki ba. Kin yi boko, kin san abin da likita ka cewa. Turmin ne ko rijiya?"

Na so in yi ƙarya, Allah ya sani na so. Amma hawayena suka riga ni.

Ta gyaɗa kai a hankali. "Ashe Magaji ya raga mini," ta ce. Ta juya fuska ga bango.

Lukman kuwa kullum yana ƙofar gida, kullum ina cewa a ce ba na nan. Rana ta shida Kawu Makau, yayan Inna, ya shigo da shi har tsakar gida. Ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, labule a tsakaninsu. Ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya.

"Inna, don girman Allah ki yafe min. Wallahi ban sani ba. Da na sani, da harshena ya..."

Ina zaune kusa da ita a ciki. Yana fara magana na ga ta toshe kunnuwa da hannu biyu.

"Ki ce mai na yahe," ta ce da ni cikin raɗa. "Bai yi ƙarya ba, mi zan riƙe shi da shi? Amma ki ce shi daina magana. In na ji muryatai sai in ji ana tahi... ana tahi, ana kallon ɗana."

"Inna..."

"Ban hana ki aure nai ba, ki ji da kyau. Yaron kirki ne. Ni dai kada in ji shi."

Na fito na same shi a zaure. Yayyafi ake yi, ƙasa na ƙamshi.

"Me ya sa ba ki faɗa min ba, Sa'a? Kalma ɗaya! Ki ce Innata ce. Kalma ɗaya fa!"

"Da wane baki?"

"Da bakin da kike cewa kina sona!"

"Ka ƙara duba hoton," na ce. "A gefen hagu, ƙasa, akwai hannun yarinya riƙe da rariya. Hannuna ne. Inna ke daka, ni ke tankaɗe. In ta sauke Abdussalam, ni nake ba shi kunu da hannun nan, ko wankewa ba na yi. In Inna ta kashe shi, to tare muka kashe shi. Shi kake so in faɗa maka a gindin dalbejiya?"

Ya dafe kai ya zauna a kan dakali, yana kuka kamar ƙaramin yaro.

"Na fasa tafiyar. Wallahi na fasa! Sin ɗin banza, ta ci kanta! In zauna nan in yi ta ba ta haƙuri har ta huce."

"Ba fushi take ba, Lukman. Da fushi ne da da sauƙi."

"To in aure ki mu tafi can tare, ba za ta ji muryata ba."

"In bar ta da wa? Ni kaɗai gare ta. Kuma gobe in Allah ya ba mu ɗa, ta goya shi tana tuna wanda ya haife shi? Ka zo gaisuwar Sallah ta shige ɗaki ta toshe kunne? Haka za mu yi har yaushe?"

"Zan jira. Shekara goma ce ma zan jira ki, Sa'ar raina."

"Kada ka jira."

"Don me?"

"Don ka san abin da za ka jira. Mutuwar uwata za ka jira, ni ma in taya ka jira ban sani ba. Ba zan iya ba."



"Ba kya sona ke nan?"

"Kai ma ka san ƙarya kake," na ce. "Tun da nake ban taɓa son wani kamar kai ba, kuma ba na jin zan ƙara. Ka tafi ka koyo injinan nan naka. Gaskiya ka faɗa a taron, wurin faɗar ne Allah bai ba ka sa'a ba. Ka dawo ka hana wata uwar dakan dutse a turmi. Amma ka ce wa magabatanka kada su zo."

"Sa'a..."

"Don Allah ka tafi tun ina iya tsayuwa!"

Ya tashi. Ya tura babur ɗinsa cikin yayyafi, bai tada shi ba sai da ya kai bakin layi, don kada Inna ta ji. Na tsaya har ƙarar ta ɓace.

Na wanke fuska a bakin randa, na gyara ɗankwali, na shiga ɗaki da murmushin dole. A raina ina cewa ko ba komai na sama mata sauƙi.

Tana zaune a bakin gado, ta zuba min ido.

"Ya tahi?"

"Ya tafi, Inna."

"Yaushe magabatan nai ka zakkuwa?"

"Ba za su zo ba. Na sallame shi. Ba za ki ƙara jin muryarsa ba, ki kwantar da hankalinki."

Na zaci za ta yi ajiyar zuciya. Sai ta ɗaga hannuwanta biyu tana kallonsu, ta juya su, ta sake juyawa.

"Innalillahi," ta ce. "Na raba ki da ƙanenki, yau kuma na raba ki da mijinki. Biyu ke nan."