Kebul Ɗin Ɗakin Sanyin Papa Essel

Ranar da Ebo ya fara shiga shagon kebul na kasuwar Takoradi, takalminsa duk laka ne. Araba, wadda ke tsaron shagon, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ɗan'uwa, kebul ka zo saya ko shara ka kawo mana?"

"Kebul, mai jijiya huɗu, wato waya huɗu a cikinsa."

"A ina za ka shimfiɗa shi?"

"Ƙarƙashin hanya, inda manyan motoci ke bi."

"To mai sulken ƙarfe za ka ɗauka. Ka zuba yashi kafin ka rufe."

Shekara bakwai yana wannan aiki na haƙa rami da shimfiɗa kebul, amma ya tsaya yana gyaɗa kai kamar yau ya fara ji. Washegari ya dawo wai ya manta da awo. Ranar Laraba ma ya sake mantawa, ya zo da dokunu, tuwon masarar da ake naɗewa a ganye, da soyayyen kifi na mutum biyu.

Daga nan sai saƙonni. "Injiniyata, yau na ja kebul ɗin roba na injin ɗaga kaya a tashar jirgi. Hannuna ya yi kanta, amma da na tuna ki sai na ji sauƙi."

"Mai rami, ka ci abinci tukuna. Daɗin baki ba ya cika ciki."

Da kawunsa ya je ƙwanƙwasa ƙofa, kamar yadda ake neman aure a nan, mahaifinta Papa Essel ko kujera bai ba shi ba. Yana da ɗakin sanyi na kifi a Sekondi, kuma ya fi son ya aurar da ita ga Fiifi, ɗan kwangilar da ya ja masa sabuwar wuta.

"'Yata ba za ta auri mai wuni a rami ba," in ji shi.

Ana cikin haka Ebo ya hango Araba a motar Fiifi. Kishi ya rufe masa ido, kwana uku bai ce mata uffan ba. A na huɗu saƙonta ya shigo.

"Ka gama fushin? Aikin da ya yi wa Papa na je dubawa. Masu jijiya ɗaya ya ja, kowanne da sulken ƙarfe. Papa ya ce ni mai sayarwa ce, me na sani. Ka zo, masoyina."

Ebo ya ji kunya, sannan ya gane haɗarin da ke cikin aikin. Da tsakar rana ya isa Sekondi.

"Papa, ba maganar aure ta kawo ni ba. Don Allah ka ɗora hannunka a nan."

Tsohon ya taɓa kebul ɗin, ya janye da sauri. "Kai! Wannan ai zai dafa ƙwai!"

"Jijiya ɗaya ba a yi mata sulken ƙarfe, Papa, zafi take ɗauka. Na alminiyam ake sa mata, ko a haɗa huɗun cikin sulke guda. In aka bar shi, wata rana wuta ce za ta tashi."

Papa Essel ya dubi kwandunan kifi jere har rufi, aikin shekara talatin. Ya dubi Araba, wadda ta naɗe hannu tana kallon gefe.

"In na ce har yanzu ban ba ka ita ba fa?"

"Zan gyara duk da haka. Gidan su Araba ne."

Kwana biyu suka yi, shi yana cikin rami, ita tana tsaye tana faɗa masa inda bai zuba yashi sosai ba. Papa Essel na kan benci yana kallonsu. Da injin ya tashi, ya ɗora tafin hannunsa a kan sabon kebul, ya daɗe bai ɗauke ba, bai ji zafi ba.

"Ka ce wa kawunka ya dawo," ya ce. "Ranar Asabar. Kuma ke, Araba, ki yafe wa tsoho."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Papa Essel da kansa ya riƙo hannunta ya sa a cikin na Ebo.

"Ɗana, ta fi mu sani, ni da kai. Ka riƙa jin maganarta. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya cika muku gida da 'ya'ya."