Mutumin Ƙarƙashin Tabarma

Ƙarfe goma na safe aka sassare Sieni a bayan gidan gwaggonta, tana shanya wanki. Sara uku da addar fasa kwakwa, biyu a hannu, ɗaya a kafaɗa. Yatsunta biyu sai a cikin ciyawa aka tsinto su.

Sufeto Pelenato ya same ta a asibitin birnin Apia, ba ta san inda kanta yake ba. Daga aljihunta nas ta zaro takarda jiƙe da jini, umarnin kotun iyali da ya hana mijinta Iakopo kusantarta tun ranar da ya karya mata haƙarƙari.

"Wa ya san a gidanki ta ɓuya?" ya tambayi gwaggon.

"Daga ni sai ubanta. Na kira shi har na gaji, wayarsa a kashe. Wai yau dangin mijin suka je neman gafara."

Ko da Sufeto da kofur ɗinsa suka isa ƙauyen uban, an riga an shirya. Ana ta dambe da gasasshen alade da gwaza, har da shewa. Kai, mutane!

Dattijo Mikaele, uban Sieni, ya tare shi da fara'a.

"Yallaɓai, an yi sulhu. Tun asuba yaron nan yake durƙushe a kan tsakuwa, lulluɓe da tabarmar da suka gada, danginsa kewaye da shi, kamar yadda al'ada ta tanadar wa mai neman gafara. Sha biyu na yaye ta da hannuna. Gobe Sieni za ta janye takardar kotun."

"Ka gan shi lokacin da ya shiga, Baba?"

"Haba! Wa yake leƙen masu roƙo? Asabarinmu a sake yake har muka gama shawara."

Iakopo na zaune a gefe, yana suɗe yatsu.

"Ina kake ƙarfe goma?"

"Ƙarƙashin tabarma mana, Yallaɓai. Mutum talatin shaida. Ko ka taɓa ganin tabarma ta hau mota?"

Aka yi dariya. Uili, wan Iakopo, shi kaɗai bai yi ba, yana can jikin ginshiƙi, ƙafafu a miƙe a gaban manya, abin da ko mahaukaci ba ya yi a zauren taro.

"Kai, naɗe ƙafarka," in ji Sufeto.

Uili ya gwada, ya saki ƙara. Sufeto ya ɗage masa zani. Gwiwoyin sun saɓule, jini da baƙar tsakuwa sun cakuɗe.

"Faɗuwa na yi a gona."

"Sannu. Iakopo, naka zanin."

Bai motsa ba, sai da kofur ya fizge. Gwiwoyi sumul, ko ƙwarzane babu. Wai mai durƙuson awa shida!

"Ɗan'uwanka ya durƙusa maka," in ji Sufeto, "ka je ka sare ta, ka dawo kuka yi musanya kafin a yaye."

Dattijo Mikaele ya miƙe. "Sare wa?"

Iakopo ya rarumi wuƙar yanka alade, ya yi kan Sufeto. Kulkin kofur ya sauka a hannunsa, ƙashi ya ce ƙas. Kofur ya danna fuskarsa cikin tiren gwaza, ya ɗaura ankwa.

"Matata ce!" Iakopo ya yi ruri, baki duk jini. "Ni za ta kai gaban alƙali? Takarda ce za ta hana ni? Ai ban gama da ita ba!"

Aka ja shi zuwa mota, Uili na ɗingishi a baya.

Tsohon ya riƙo hannun Sufeto.

"Jiya na gaya wa Uili inda take. Cewa suka yi za su ɗauko ta a ci abinci tare."

Tausayinsa ya kama Sufeto, amma haushi ya fi yawa. Ya ɗaga masa ledar da takardar ke ciki, jinin bai gama bushewa ba.

"Tana da rai, Baba. Ga abin da ka ce ta janye. In ta farfaɗo ka kai mata biro, sai dai ka sani, yatsun da za ta riƙe shi babu su."