Muryar Aku a Ɗakin Ƙurya

"Wannan hoto ne ko hayaƙi?"

"Yaya, ba laifina ba ne fa. Ina dannawa saƙo ya faɗo, wayar ta yi rawa a hannuna."

"To ki kashe ƙarar mana! Tun ɗazu ting, ting, kamar ƙararrawar keke."

Aku ta murguɗa baki ta maimaita, "To ki kashe ƙarar mana!" Muryar Yaya sak, har da ɗan shaƙewar hancin. Dalilin da ya sa ake ce mata Aku ke nan. Babu wanda ya tsira daga bakinta, tun daga tarin Baba har atishawar maƙwabciya.

Gidan marigayi kakansu ne, shekara biyu a rufe. Dillali ya ce a turo masa hotunan ɗakunan yau, ya samu mai son haya. Ga rana ta kusa faɗuwa, gidan kuma babu wuta.

Aku ta ja yatsa a fuskar wayar, ta danna. Ɗan jinjirin wata, alamar kashe ƙara, ya fito a saman fuskar wayar. Babu ƙara, babu girgiza, waya ta zama bebiya.

"Saura ɗakin ƙurya," in ji Yaya. "Yi sauri, bari in rufe tagogi."

Ɗakin yana warin tsohuwar katifa da kashin ɓera. Babu komai sai gadon ƙarfe da doguwar durowar kaya mai tsagaggen madubi. Aku ta ɗaga waya, ta saita.

Ting.

Ta duba. Jinjirin watan yana nan. Babu saƙo.

Ting.

Daga cikin durowar ne. Kuma ba ƙarar waya ba ce. Akwai numfashi a cikinta, irin na wanda ya haɗa leɓe yana gwadawa.

Da mai hankali ce, da ta fita. Amma wanzami ba ya son jarfa, kuma Aku ba ta saba a fi ta ba. Ta sunkuya ta ce, "Ting," daidai da na wayar.

Shiru. Sai aka maido mata, wannan karon da kyau.

Ta yi dariya, ta so ta ƙara. Ta haɗa leɓe. Iska kawai ta fito.

Ta sake gwadawa. Babu.

Don ta tabbatar lafiyarta ƙalau, ta yi tarin Baba. Ya fito sau ɗaya. Durowar ta yi tarin Baba. Aku ta nemi tarin a maƙogwaronta, ya tafi, kamar an zare zare daga allura.

A nan ta gane. Duk abin da ta furta a ɗakin nan ba ya dawowa. Muryarta ta gaskiya ce ta rage, kuma ita ake jira.

Ta toshe baki da hannu, ta ja da baya. Ƙofar ɗakin a rufe. Ba ita ta rufe ba. Ta murɗa, ta ja, ta sa kafaɗa. Ko motsi.

Bayanta, murfin durowar ya ce ƙiii.

Wari ya taso, sanyi-sanyi, kamar na tsohuwar rijiya.

"Aku!" Yaya ce daga tsakar gida. "Kin gama?"

Ta cije yatsa. Kar ki amsa. Kar ki amsa.

Wani abu ya taɓa mata wuya. Yatsa ɗaya, busasshe, daidai kan maƙogwaro.

"Yaya!"

Shi ke nan. Ta ji fitar muryar kamar an cire mata haƙori.

Kusa da kunnenta, muryarta ta ɗaga, fes, har da shagwaɓa: "Yaya, ki yi gaba, ina zuwa."

"To, ki ja ƙofar waje in kin fito."

Takun Yaya ya fara nisa.

Aku ta buga ƙofa. Bugun bai yi ƙara ba. Ta buɗe baki iyakar buɗewa. Babu.

Ta lalubo wayar, ta danna jinjirin watan. Duk saƙonnin da aka tare suka zubo lokaci guda, ting ting ting ting. Yatsan ya sake ta. Ta ji abin ya koma ƙasa yana lasar ƙarar wayar, yana haɗiya, yana maimaitawa.

"Ba na ce ki kashe ƙarar nan ba?"

Yaya ce ta dawo, ƙofa ta buɗe mata da turi ɗaya. Aku ta cafki hannun Yaya ta fizge ta, ba su tsaya ba sai bakin titi, takalmi ɗaya a ƙafarta.

Likita ya haska maƙogwaron ya ce bai ga komai ba. An yi addu'a, an yi tofi. Wata uku ke nan Aku ba ta ce uffan ba. Wayar ma ko an kira ta ba ta kuka.

Ranar nan dillali ya zo, duk suna zaune, ya ajiye makullai gaban Umma. Ya ce mutum huɗu sun duba gidan sun fasa, saboda yarinyar da ke ɗakin ƙurya ta cika surutu.

Umma ta ce, "Malam, babu kowa a gidan nan."

Dillali ya gyara hula.

"To ko ma wace ce, a ja mata kunne ta daina kwaikwayon tarina. Ni ba sa'anta ba ne."