Almakashin Umma

Keken ɗinkin Umma ne kaɗai ke magana a gidan nan. Tun da yaƙi ya lafa aka dawo mata da ɗanta daga asibiti da baƙin gilashi a fuska, gidan ya yi tsit kamar an yi ƙaura. Dogo, wanda a da dariyarsa ke hana maƙwabta barcin rana, yanzu a kujerar bakin taga yake wuni, can ƙuryar gida, yana sauraron motocin bayan layi. Abokan kwaleji sun yi zuwan farko, sun yi na biyu, daga nan suka ɗauke ƙafa. Shi ma ba ya cigiyar kowa sai mutum ɗaya.

"Auta, yau ma ba ta zo ba?"

Ƙanwar tasa ta kalli Umma. Umma ta watsa mata harara ta saman keke.

"Ba ta zo ba, Yaya."

Wadda yake tambaya ita ce Rediyo. 'Yan ajinsu ne suka laƙaba mata sunan, don bakinta ba ya hutawa, kuma babu labarin da zai shigo kwaleji bai biyo ta wurinta ba. A can suka haɗu, shi yana karatun injiniya, ita tana koyon aikin koyarwa, har manya sun san da maganar aurensu. Umma ta ce masa sau ɗaya yarinyar ta gan shi a gadon asibiti, ta juya ba ta sake waiwayowa ba. Ya haɗiye maganar, amma ta ƙi wuce masa a wuya.

Ƙarya ce kuwa tsagwaronta. Rediyo na zuwa. Duk ranar da ba ta da aji takan sauko daga bas da ledar lemo a hannu, Umma kuma takan tare ta tun a ƙofar waje.

"Umma, ina wuni? Ya mai jiki?"

"Rage murya. Jiki ya yi sauƙi, ido ne dai ba ya dawowa. Ke kika riƙe shi a can har aka kwashe ɗalibai aka bar shi, bom ya same shi. Me kuma ya rage da kika zo ɗauka?"

Rediyo takan buɗe baki kamar za ta faɗi wani abu, sai ta rufe.

"Allah ya huci zuciyarki, Umma. Zan dawo."

"Kada ki wahalar da kanki. Ya ce ba ya son jin muryarki."

Haka za ta koma ɗakin hayarta kusa da firamaren da take koyarwa, ta ajiye lemon a kan tebur, ta zauna duba littattafan yara har rana ta faɗi. Yaran ajinta sun ɗauka malamarsu shiru-shiru ce tun asali. Kawunta ya yi mata faɗa har ya gaji.

"Ke 'yar nan, wai mazan duniya sun ƙare ne? Mutane sun ce ba sa yi da ke!"

"Kawu, daga bakinsa nake so in ji. Ranar da ya faɗa mini da kansa, na haƙura."

Akwai wani kundi a gidan Umma. Lokacin da yaƙi ya tsinke hanyoyi, kaɗaici ya ishe ta, ga mijinta ya rasu, sai ta sayi babban littafin zane da kwalbar gam. Duk abin da Dogo ya aiko ta hannun direbobi, a ciki take mannawa. Akwai katin cin abincin hostal da aka huhhuda, da jadawalin lakca da aka rubuta a bayan kwalin sabulu don takarda ta yi wuya, da guntun baƙar takardar da suke liƙe tagogi da ita kada jirage su hango haske. Hotuna kuwa ba a magana. Shafin ƙarshe ne kawai ta bari fari fat, ta aika masa cewa na hoton kammala karatunsa ne.

Wata rana da hantsi Umma ta fita kai ɗinki, Dogo ya ce, "Auta, ɗauko mini kundin nan."

"Yaya, me za ka yi da shi?"

"Ke za ki gani, ni in ji. Ko shi ma an hana ni?"

Ta ɗauko jiki a sanyaye, ta ɗora masa a cinya, ta fara buɗewa.

"Nan kai ne da jakarka ranar tafiya, wando ya ɗage maka kamar mai shirin tsallake kwata."

Ya yi murmushi, abin da ta daɗe ba ta gani ba.

"Nan kuma kuna jarrabawa a wani wuri mai duhu."

"Ƙarƙashin benen laburare ne. Jiniya ta yi kuka muna tsakiyar rubutu, malamin ya ce kowa ya sauka da takardarsa, ba sori ba komai. Da kyandir muka ƙarasa. Rediyo na gefena, tana ta ba mutane labari har malamin ya ce zai kore ta ta hau sama wurin bom ɗin." Ya juyo wajen Auta. "Tana cikin hoton, ko?"

"Yaya, bari mu wuce gaba."

Bai bari ba. Ya shimfiɗa tafin hannunsa a kan shafin, yana shafawa a hankali, sai yatsansa ya faɗa cikin rami. Ya juya shafi, wani ramin. Ya sake juyawa, wani. Duk hoton da ya san Rediyo na tsaye a gefensa, an yanke wurin an cire.

Daidai nan Umma ta shigo. Tana ganin kundin a cinyarsa sai ta ajiye jaka da sauri.

"Umma, wa ya yi wannan?"

"Wa fa, in ba ita ba? Kana asibiti ta zo, ta yanke hotunanta ta yi gaba da su. Ban gaya maka ba ne don kada ranka ya ɓaci."

Dogo ya bi bakin ramin da kan yatsa, ya zagaye shi, ya sake zagayewa. Umma ta yi lissafin mai ido, ta ɗauka abin da ɗanta ba zai gani ba, ba zai sani ba. Ta manta irin almakashin da hannunta ya ɗauko ranar da take cikin fushi.

"Umma, bakin nan haƙora gare shi." Ya sake shafa wurin. "Almakashinki ne na datse gefen yadi, wanda kika taɓa dukana ina ƙarami don na yanka kwali da shi. Ko ni ba ki yarda in taɓa ba, balle baƙuwa."

Auta ta fashe da kuka. "Yaya, tana zuwa! Wallahi kullum tana zuwa, a ƙofa ake mayar da ita."

"Rufe mini baki!" Umma ta juyo kan ɗanta, hawaye na zubo mata. "E, ni na yanke. Ba na son ganin fuskarta a gidana. Na aika ɗa da ido biyu, aka dawo mini da shi ana jansa. Motar ƙarshe ta tashi da ɗalibai, kai ka zauna saboda ita. Wace uwa ce za ta yafe wannan?"

"Ita ta ce miki saboda ita na zauna?"

"Ba ta musa ba."

Dogo ya cire gilashinsa ya share fuska. Sai ya lalubi kundin, ya juya har shafin ƙarshe, ya ɗora hannu a kan farar takardar.

"Umma, Rediyo ce ta samo mini kujera a motar. Da kuka ta roƙe ni in shiga. Ni na ƙi. Jarrabawar ɗakin gwaje-gwaje kawai ta rage mini, na ce ba zan dawo gida in bar miki wannan shafin babu komai ba. Da ta ga na kafe, sai ta sauko da jakarta. Ita ta jawo ni daga cikin gilasan da suka farfashe." Ya shafa farar takardar. "A asibiti na sa ta yi mini alkawarin ba za ta gaya miki ba, don kada ki ɗora wa kanki laifi. Ashe ita kika ɗora wa, ta kuma riƙe."

Umma ta zauna a ƙasa. Ta tuno duk maganganun da ta yaɓa wa yarinyar a ƙofa, da yadda takan buɗe baki ta rufe. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Ba laifinki ba ne, Umma, ba kuma nata ba. Yaƙi ne. Amma duhun ido na saba da shi. Shirun nan ne ya kusa kashe ni."

Washegari Umma ta yafa mayafi, ta ɗauki gwangwanin maɓallanta, ta hau bas. A ƙofar firamare ta tsaya cikin rana har aka tashi yara. Rediyo na fitowa ta gan ta, littattafan hannunta suka zube.

"Umma, lafiya? Wani abu ya same shi?"

Umma ta buɗe gwangwanin. A ƙarƙashin maɓallai ga 'yan guntayen hotuna, fuskar Rediyo ce a kowanne, ta kasa ƙona su don a wasu akwai kafaɗar ɗanta ko hannunsa.

"'Yata, na cuce ki. Ya gaya mini komai. Me ya hana ki wanke kanki?"

"Alkawari na yi masa, Umma. Kuma na ga ciwon da kike ji ya ishe ki."

"In za ki iya yafe mini, ki zo mu je. Bai taɓa cewa ba ya son muryarki ba. Ita yake jira tun ranar da ya dawo."

Dogo na bakin taga ya ji sallama daga tsakar gida, ba a rage murya ba ko kaɗan. Ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Dogo, wannan gashin fa? An rufe shagunan aski ne a unguwarku? Auta, haka kika bar shi kamar wanda ya fito daga ramin laburare?"

Ya yi dariya, ya yi kuka, ya ce, "An kunna Rediyo." Ita ma kukan take, amma bakin bai tsaya ba.

Umma da kanta ta mayar da guntayen a ramukansu, ɗaya bayan ɗaya, da gam. Sun zauna, sai dai tabon yankan bai ɓace ba, ta kuwa ce a bar shi haka ya riƙa tuna mata. Bayan ɗaurin aure ta karɓo hoton ango da amarya, ta ɗauko almakashin nan mai haƙora, ta datse gefensa kewaye, ta manna a shafin ƙarshe. Sannan ta kama hannun ɗanta ta ɗora a kai.

"Na yi masa haƙora ne don kada ka sha wahalar nemansa."

Iyaye, in baƙin ciki ya same ku, ku bincika kafin ku nemi wanda za ku ɗora wa, don mai shiru ba lallai ne mai laifi ba. 'Yan mata da samari kuma, ku dubi Rediyo. Kalma ɗaya ta isa ta wanke ta, amma za ta ƙona zuciyar uwa, sai ta zaɓi haƙuri da cika alkawari. Allah bai bar ta ba, uwar da ta kore ta daga ƙofa ita ce ta tsaya cikin rana tana roƙonta ta shigo.