Kalmar Sirri a Bangon Shago

Ranar da Zakiyya ta fara ganin Ɗalha, yana tsugune a shagon babanta a Birnin Gwari, kwamfuta a cinya. Shi ya gina wa ƙungiyar manoman masara shafin intanet, inda 'yan ƙungiya kaɗai ke ganin ranar da motar kaya za ta ratso daji daga Dogon Dawa. Ta miƙa masa ruwa. Ya karɓa, kallonta ya mantar da shi sha.

Wata uku suna soyayya, sai masu kutse suka shiga shafin.

Alhaji Mamuda, babanta kuma shugaban ƙungiyar, ya fusata. "Wanda ya kasa tsare shafi ne zai tsare min 'ya? Kada in ƙara ganinsa!"

Zakiyya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Jibi motar za ta taso, kuma yayanta ne direba.

"Nurina, sun ga ranar tafiyar?" ta rubuta wa Ɗalha.

"Wataƙila, Zakina. Manhajar a sabunce take, babu ɓaraka. Da kalmar sirrin Baba suka shiga. Wa ya ba wa?"

Ta ɗaga kai. Ga ta nan ɓaro-ɓaro a bangon shago, da alli! Baba ya rubuta ta don kada wani ɗan ƙungiya ya ce an ɓoye masa. Ta sa gefen mayafinta ta goge.

Da la'asar Ɗalha ya zo ya durƙusa, duk da korar da aka yi masa.

"Baba, a sauya ranar motar. Na ba kowa tasa kalmar. Taka kuma ba za ta buɗe ba sai da lambar da za ta shigo waya."

"Ta ina suka shiga?"

Ɗalha ya sunkuyar da kai. "Makullin ne ya tsufa, Baba."

Alhaji ya dubi bango, ya dubi allin da ke mayafin 'yarsa. Ya gane asirinsa aka rufa.

"Wayata ba ta iya wannan. Sa wayar Zakiyya."

Ran Talata motar ta iso lafiya. Alhaji ya aika aka kira Ɗalha.

"Yanzu duk shigata sai na nemi Zakiyya ke nan?"

"Haka ne, Baba."

"To ba zan bari a kai min ita nesa ba. Turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Gidansu layi biyu ne daga shagon. Allah ya ba da zaman lafiya, ya tsare hanya.